Me ya sa sankarar gidan ƙwan mace kan daina jin magani bayan ta ji shi da farko?

Tambaya: Wata ma'aikaciyar jinya da ke aiki a sashen mata masu ciwon daji ta rubuto tana cewa ta sha ganin mai sankarar gidan ƙwai an yi mata tiyata, an ba ta kemo, wato allurar magungunan kashe ƙwayoyin sankara, na kabofilatin da fakilitaksel zagaye shida, ruwan cikinta ya ƙafe, gwajin jini na CA-125 da ake bibiyar ciwon da shi ya sauka, har ta koma gida tana harkokinta. Bayan shekara ɗaya ko biyu sai ta dawo, a sake ba ta maganin ya yi aiki kaɗan, a karo na uku kuma ya ƙi yin komai. Dangi kan ce jikinta ne ya saba da maganin, wasu kuma su ce jabu aka sayar musu. Tana so ta san abin da yake faruwa a cikin ƙwayar sankarar kanta.

Amsa: Malama, abin da kike gani a sashenku shi ne halin wannan ciwo a duk inda ake maganinsa, har a asibitocin da suka fi kowa kayan aiki. Ƙididdigar cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a 2022 an samu sababbin masu wannan ciwo kimanin 324,000 a duniya, kuma ya kashe kimanin 207,000. Kusan kashi uku cikin huɗu na matan ba sa zuwa hannun likita sai ciwon ya kai mataki na uku ko na huɗu, mafi yawansu suna jin magani a karon farko, amma wajen kashi 70 cikin 100 na waɗanda ciwonsu ya riga ya yaɗu zai dawo musu cikin shekara uku. Jikin matar bai saba da komai ba, domin ɓargonta da ƙodarta da jijiyoyinta suna shan wahalar maganin a karo na uku kamar yadda suka sha a karo na farko, wani lokaci ma fiye. Abin da ya sauya shi ne ƙwayoyin da suka haɗu suka yi ƙarin. Jabun magani matsala ce ta gaske wadda ya kamata sashen harhaɗa magunguna ya sa wa ido, sai dai ko da maganin da ya fi kowane inganci aka yi amfani, wannan tsari da kika bayyana zai faru.

Zan fi tsayawa a kan nau'in da ake kira siros mai tsanani, domin shi ne kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar da ke tasowa daga fatar gidan ƙwai, kuma shi ne ya fi kisa. Yawancinsa ma daga bakin bututun ƙwai yake farawa, sannan ƙwayoyinsa su zubo a kan gidan ƙwai da tantanin da ya shimfiɗe cikin ciki. A 2011 babban shirin Amurka na taswirar DNA na ciwon daji, wato TCGA, ya fitar da sakamakon nazarin ƙari 489 na wannan nau'i, kuma ya gano cewa a kashi 96 cikin 100 sashen gadon da ake kira TP53 ya lalace. Sashen gado wani yanki ne na DNA da ke ɗauke da umarnin ƙera furotin guda, kuma furotin ɗin da TP53 ke ƙerawa aikinsa shi ne ya tsayar da ƙwayar da DNA ɗinta ya samu rauni, ko ya sa ta kashe kanta idan raunin ya fi ƙarfin gyara. Idan babu shi, ƙwaya takan ci gaba da rabuwa da ɓarnarta, sai manyan yankuna na DNA su riƙa ninkuwa, wasu su ɓace, wasu su manne a inda ba wurinsu ba. Sakamakon haka, a ranar da likitan tiyata ya buɗe cikin matar, ƙarin da yake gani tarin zuriyoyi ne masu kaka ɗaya amma rubutun DNA ɗinsu ya riga ya bambanta, kuma wanda ke jikin hanji ba lallai ya zama daidai da wanda ke ƙarƙashin haƙarƙari ba. Duk bayanin da zai biyo baya a kan wannan bambanci ya ginu.

Kafin a fahimci yadda maganin yake daina aiki, sai an san dalilin da ya sa yake aiki tun farko. Sisfilatin, wanda asalinsa binciken Barnett Rosenberg ne a Jami'ar Jihar Mishigan a 1965 kuma aka amince da shi a Amurka a 1978, da ƙaninsa kabofilatin, duk ƙarfen filatinum ne a tsakiyarsu. Idan suka shiga ƙwaya sai su kama harafin DNA da ake kira guwanin, su ɗaure shi da maƙwabcinsa a kan zare ɗaya, ko su ɗaure zare biyu na DNA da juna ta yadda ba za su rabu ba. Lokacin da ƙwayar ta zo kwafar DNA ɗinta domin ta rabu biyu, injin kwafar yakan ci karo da wannan ƙulli ya tsaya, kuma sau da yawa zaren biyu su tsinke gaba ɗaya. Hanya mafi inganci ta gyara irin wannan tsinkewa ita ce ƙwaya ta yi amfani da lafiyayyen kwafin da ke kusa ta sake rubuta wurin da ya lalace harafi bayan harafi, kuma furotin ɗin da ke gudanar da wannan aiki su ne BRCA1 da BRCA2 da PALB2 da RAD51 da 'yan'uwansu. Nazarin TCGA ya nuna cewa kusan rabin ƙarin siros mai tsanani suna da naƙasa a wannan hanyar gyara. A kusan kashi ɗaya cikin biyar BRCA1 ko BRCA2 ne ya lalace, yawanci ta gado daga uwa ko uba, wani lokaci kuma a cikin ƙarin kaɗai. A wajen kashi 11 cikin 100 kuma rubutun BRCA1 lafiya lau yake amma an rufe shi da wata alama ta sinadarin metil da ke hana a karanta shi. Saboda haka ƙarfin da filatinum ke nunawa a wannan ciwo daga raunin ƙarin yake fitowa: maganin yana yi wa DNA ɓarnar da lafiyayyar ƙwaya za ta iya gyarawa amma ƙwayar sankarar ba za ta iya ba. Shi ya sa matan da ke da lalacewar BRCA suka fi jin filatinum kuma sukan fi daɗewa a raye bayan an gano ciwon.

A kan wannan rauni aka gina magungunan da ke hana furotin PARP aiki. A 2005 ƙungiyoyin bincike biyu a Ingila, ta Alan Ashworth da ta Thomas Helleday, suka nuna cewa idan aka toshe PARP, wanda ke gyara ƙananan tsagewar zare ɗaya, ƙwayar da ba ta da BRCA takan mutu, mai BRCA kuwa ta rayu. Daga baya aka gane cewa maganin har maƙale PARP yake yi a jikin DNA ya zama shinge ga injin kwafa. An amince da na farkonsu, olafarib, a ƙarshen 2014, rukafarib da nirafarib suka biyo baya. A gwajin SOLO-1, inda aka ba mata masu lalacewar BRCA olafarib na shekara biyu bayan kemo na farko, kashi 67 cikin 100 suna raye bayan shekara bakwai, alhali a cikin waɗanda ba a ba su ba kashi 46.5 ne. Wannan ci gaba ne babba, amma tunda magungunan biyu rauni ɗaya suke dogaro da shi, duk abin da ya cike raunin zai karya su tare.

Hanyar da aka fi tabbatarwa a jikin marasa lafiya ita ce komawar BRCA bakin aiki, kuma yana da kyau a tsaya a ga yadda take faruwa. Ƙwaya tana karanta DNA ne haruffa uku-uku, kowane rukuni na uku yana nuna tubali ɗaya na furotin. Da yawa daga cikin lalacewar BRCA da ake gada ɓacewar harafi ɗaya ne ko biyu, wanda ke karkatar da duk ƙidayar da ta biyo baya, sai karatun ya zama shirme har ya faɗa kan alamar tsayawa tun kafin furotin ɗin ya kai rabi. To amma ƙwayar da ta rasa hanyar gyara mai inganci dole ta koma ga hanyoyin da ke ɗinke tsinkewa da gaggawa, waɗanda sukan zubar da haruffa a wurin ɗinkin. Idan a cikin miliyoyin ƙwayoyi aka samu ɗaya da ta sake zubar da wasu haruffa kusa da wurin lalacewar farko, har jimillar abin da ya ɓace ya zama uku ko shida ko tara, ƙidayar takan dawo daidai, a ƙera furotin da ya ɗan gajarta amma yana aiki. Wato naƙasar da ta sa ƙarin yake jin magani ita ce kuma take samar da kuskuren da zai warkar da ita, maganin kansa kuma yana ƙara yawan tsinkewar da ke ba da wannan dama. A 2008 ƙungiyar Ashworth a Landan da ta Toshiyasu Taniguchi a Siyatil suka bayyana wannan a BRCA2 a lokaci guda. Akwai kuma ƙwayoyin da masu bincike a Edinbara suka raina daga ruwan cikin mace ɗaya a lokuta daban-daban na jinyarta: na farkon, PEO1, suna da alamar tsayawa a tsakiyar BRCA2 kuma suna jin sisfilatin, na bayan, PEO4, harafi ɗaya ya sauya a daidai wannan wuri, alamar ta gushe, kuma ba sa jin maganin.

A 2015 masu bincike a Ostareliya ƙarƙashin David Bowtell suka karanta DNA na ƙarin mata 92 gaba ɗayansa, har da samfuran da aka ɗauka bayan ciwon ya daina jin magani da waɗanda aka ɗauka bayan rasuwa. Abin da suka gani ya fi tayar da hankali, domin a jikin mace ɗaya sun samu komawar BRCA iri-iri, kowane reshe na ƙarin ya samo tasa hanyar daban. Sun kuma ga inda alamar metil da ta rufe BRCA1 ta gushe, sashen ya sake buɗewa. An ga irin wannan komawa a RAD51C da RAD51D. Yanzu ana iya gano ta daga gutsattsarin DNA na ƙari da ke yawo a jini, kuma a wani nazari na 2019 a kan matan da za a ba rukafarib, an same ta a kashi 18 cikin 100 na waɗanda ciwonsu ya ci gaba suna kan filatinum, da kashi 13 na waɗanda ya dawo musu da wuri, da kashi 2 kacal na waɗanda har yanzu suke jin sa. Waɗanda ke da ita ciwonsu ya ci gaba cikin ƙasa da wata biyu, sauran kuwa sun kai wata tara.

A nan ne misalin da kika sani zai taimaka. Lokacin da kulorokwin ya daina maganin zazzaɓin cizon sauro a ƙasashenmu, ba jikin mutane ne ya saba da shi ba. Maganin ya kashe ƙwayoyin cutar da ke jin sa, ya bar 'yan kaɗan masu wani sauyi, su kuma suka hayayyafa suka mamaye ko'ina. Haka yake a nan, illa dai abin da ya ɗauki shekaru a tsakanin miliyoyin mutane yana faruwa cikin watanni a cikin mace ɗaya. Wani lokaci ƙwayar mai jurewa tana nan tun kafin allurar farko, wani lokaci kuma a tsakiyar jinya take samuwa, amma a duka biyun maganin ne yake share mata fili. Tun 1979 Goldie da Coldman suka nuna da lissafi cewa yiwuwar samun irin wannan ƙwaya tana ƙaruwa da yawan ƙwayoyin ƙarin da kuma saurin da suke yin kuskure, kuma ciwon da muke magana a kansa yana da duka biyun.

Akwai kuma hanyoyin da ƙwaya ke kewaye rashin BRCA ba tare da ta gyara shi ba. Aikin BRCA1 na farko shi ne ya ba da dama a ɗan feƙe bakin zaren da ya tsinke domin RAD51 ya samu wurin kamawa, kuma abin da ke hana feƙewar shi ne furotin 53BP1 da wani rukuni mai suna shildin da aka bayyana a 2018. Idan ƙwayar da ba ta da BRCA1 ta rasa su, shingen ya gushe, gyaran ya dawo da wani kaso ko da babu BRCA1. Wasu ƙwayoyin kuma sukan ƙera guntun BRCA1 da aka tsallake yankin da ya lalace. BRCA yana da aiki na biyu, wato kare injin kwafa idan ya tsaya domin kada wasu furotin masu yanka su cinye sabon zaren, kuma an nuna cewa ƙwayar da ta rage shigar masu yankan takan jure filatinum ko da hanyar gyaran ba ta dawo ba. Ga masu hana PARP kuma, sauyi a PARP1 kansa da ke hana shi maƙalewa a jikin DNA yakan isa. A ganina ya kamata a bambanta nauyin hujjoji a nan: komawar BRCA an gan ta sau da yawa a samfuran marasa lafiya, waɗannan kuwa mafi yawan hujjarsu daga ɗakin gwaji da beraye take, don haka ban ɗora su a mizani ɗaya ba.

Sai kuma matan da tun farko maganin bai kama su sosai ba, waɗanda na tabbata kin haɗu da su. A kusan kashi ɗaya cikin biyar na siros mai tsanani sashen CCNE1 ya ninku sau da yawa, yana tura ƙwaya ta shiga kwafar DNA ba kan lokaci ba. Irin wannan ƙari kusan ba ya haɗuwa da lalacewar BRCA, domin yana buƙatar hanyar gyaran ta kasance da ƙarfi kafin ya rayu da wannan gaggawa, saboda haka filatinum ba ya samun raunin da zai kama. Sauran nau'o'in sankarar gidan ƙwai ma labarinsu daban ne. Nau'in da ƙwayoyinsa ke fitowa garau a madubin gwaji, wanda ke da alaƙa da fitowar tantanin mahaifa a wajen mahaifa, kusan rabinsa yana da lalacewar ARID1A. Siros mai sauƙi da nau'in mai majina sukan ɗauki sauyi a KRAS. Dukansu ba sa jin filatinum kamar siros mai tsanani, ko don suna rabuwa a hankali ko don gyaran DNA ɗinsu lafiya yake. Shi ya sa rahoton ɗakin gwajin tsoka yake da muhimmanci ƙwarai, kuma rahoton da ya tsaya a kan cewa sankara ce kawai bai gama aikinsa ba.

Wata hanyar kuma ita ce a hana maganin isa inda zai yi aiki. Filatinum yana shiga ƙwaya ne, a wani ɓangare, ta ƙofar da aka tanada domin tagulla, wato CTR1, kuma furotin ATP7A da ATP7B masu fitar da tagulla sukan tattara shi su kawar. A cikin ƙwaya kuma gulutatayon da sauran sinadarai masu farar wuta sukan kama shi kafin ya kai ga DNA, sannan ƙullin da ya riga ya ɗaura ana iya yanke shi ta hanyar da ERCC1 ke ciki. Duk waɗannan an gan su a ƙwayoyin da aka raina, amma babu ɗayansu da ya zama gwajin da likita zai dogara da shi wajen zaɓen magani. Wanda ya fi ƙarfin hujja shi ne famfon ABCB1, wanda Juliano da Ling suka bayyana a 1976. Wannan furotin yana zaune a fatar ƙwaya yana turo magani waje. Ba ya fitar da filatinum, amma yana fitar da fakilitaksel da doksorubisin da olafarib da rukafarib, wato yawancin abin da muke komawa gare shi idan filatinum ya gaza. Nazarin Ostareliya ya gano yadda ake kunna shi: DNA ya tsinke ya manne ta yadda ABCB1 ya faɗo ƙarƙashin makunnin wani sashe mai suna SLC25A40 wanda kullum a kunne yake, sai ƙwayar ta cika da famfo. An yi ƙoƙarin toshe famfon da wani magani mai suna balsfodar a babban gwaji a kan masu wannan ciwo, sakamakon da ya fito a 2008 ya nuna bai ƙara komai ba sai illa. Dalili ɗaya shi ne hanta da hanji ma suna amfani da famfon, ɗayan kuma shi ne an ba kowa maganin ba tare da an san wace ce ƙarinta ya dogara da famfon ba.

Ga fakilitaksel akwai ƙarin hanya, domin shi sandunan da ke raba DNA tsakanin ƙwayoyi biyu yake ƙamewa, kuma ƙwayar da ta sauya irin tubulin ɗin da take ƙera sandunan da shi takan rage kamuwa. A ƙarshen kowace hanya kuma akwai matakin mutuwar ƙwaya, wanda furotin irin BCL-XL da MCL1 da saƙonnin hanyar PI3K da AKT suke iya ɗaga shi, ta yadda ƙwaya za ta sha ɓarna mai yawa amma ba ta mutu ba.

Ba komai ne a rubuce cikin DNA ba. Wannan ciwo yana son kitsen da ya lulluɓe hanji, kuma ƙungiyar Ernst Lengyel a Chikago ta nuna a 2011 cewa ƙwayoyin kitsen suna miƙa wa ƙwayoyin sankara mai su yi makamashi da shi. A cikin ruwan da kuke zuƙewa daga cikin matan nan akwai dunƙule-dunƙulen ƙwayoyi masu yawo, waɗanda na tsakiyarsu ba sa rabuwa kuma magani ba ya ratsa su sosai, ga shi kemo ƙwaya mai rabuwa ya fi kamawa. Irin waɗannan ƙwayoyi masu lafawa su ne suke tsallake zagaye shida, kuma juriyarsu tana iya zama ta ɗan lokaci, wanda yana cikin dalilan da suka sa mace kan sake jin filatinum bayan dogon hutu. Garkuwar jiki ma tana da hannu: wani nazari na 2003 ya samu cewa kashi 38 cikin 100 na matan da ƙwayoyin garkuwa na T suka shiga cikin ƙarinsu suna raye bayan shekara biyar, a waɗanda ba su shiga ba kuwa kashi 4.5 ne. Duk da haka, manyan gwaje-gwajen farko na magungunan da ke sakin ƙwayoyin T ba su kawo amfanin da aka sa rai ba a wannan ciwo.

Ƙa'idar wata shida da kuke aiki da ita, wato idan ciwo ya dawo kafin wata shida daga allurar filatinum ta ƙarshe a ce ya bijire, idan ya wuce a ce yana ji, ma'auni ne na asibiti da aka samo daga lura da marasa lafiya. Ba ta faɗa mana wace hanya ƙarin ya bi ba, kuma babu wani abu da ke sauyawa a cikin ƙwaya tsakanin wata biyar da wata bakwai. Tana da amfani domin yiwuwar jin magani tana ƙaruwa da tsawon hutun, amma a cikin mata biyu da aka sa a rukuni guda, ɗaya tana iya zama mai CCNE1, ɗayar mai BRCA da ya koma aiki. Ga waɗanda aka ce ya bijire musu, kemo guda ɗaya yakan rage ƙarin a kashi 10 zuwa 15 cikin 100 kawai, kuma matsakaicin tsawon rai wajen shekara ɗaya ne. A gwajin AURELIA na 2014 ƙara bebasizumab, mai hana ƙari tsirar da jijiyoyin jini, ya tsawaita lokacin da ciwon bai ci gaba ba daga wata 3.4 zuwa 6.7. Maganin mirbetuksimab kuwa gubar ƙwaya ce da aka ɗaura wa furotin mai neman ƙofar folet ta alfa a fatar ƙwayar sankara, kuma a gwajin MIRASOL, a kan matan da ƙarinsu ke da wannan ƙofa da yawa, ya kai matsakaicin tsawon rai wata 16.5 alhali kemo ya ba da 12.7. Ana kuma gwada masu hana ATR da WEE1, furotin ɗin da ke taka wa rabuwar ƙwaya birki, bisa tunanin cewa ƙwayar da ke kwafar DNA da gaggawa, kamar mai CCNE1, ta dogara da waɗannan birkuna. Ribar watanni ce, kuma tsadar waɗannan magunguna ta sa yawancin matanmu ba sa kaiwa gare su.

Abin da na fi so ki ɗauka zuwa sashenku ya shafi jinyar farko, domin a lokacin ne zuriyoyin masu jurewa suka fi ƙaranci. Tiyatar da ba ta bar wani ƙari da ido ke gani ba tana cikin abubuwan da suka fi ƙarfin tasiri a kan tsawon rai, kuma lissafin da na ambata ya nuna dalili, tunda kowane dunƙule da aka cire an cire shi da duk sauye-sauyen da ke cikinsa. Zagayen kemo an tsara shi mako uku-uku ne domin ɓargo ya farfaɗo kafin ƙarin ya farfaɗo, saboda haka idan rashin kuɗi ko nisan gari ya mayar da mako uku ya zama bakwai, ƙwayoyin da suka tsira sun samu lokacin hayayyafa. Wannan wuri ne da ma'aikaciyar jinya take da tasiri na gaske, ta hanyar bibiyar alƙawari, da sanar da dangi jimillar kuɗin zagaye shida tun farko, da kai ƙarar jinkiri ga likita da wuri. Amma kada a ɗora wa matar da ciwonta ya dawo laifi, domin yana dawowa ga waɗanda ba su taɓa makara ko kwana ɗaya ba. Haka kuma hauhawar CA-125 kaɗai ba dalilin gaggauta sabon kemo ba ne, tunda wani babban gwaji na Turai da aka wallafa a 2010 ya nuna cewa fara magani da zarar gwajin ya hau bai ƙara tsawon rai ba idan aka kwatanta da jiran alamun ciwo, sai dai ya ƙara wa matan kwanakin wahalar magani.

Gwajin BRCA, inda aka samu halin yin sa, a farkon jinya ya fi amfani, domin mai hana PARP ya fi aiki kafin ƙarin ya samu damar gyara rauninsa, kuma an lura cewa matan da ciwonsu ya ci gaba suna kan olafarib ba sa jin filatinum na gaba kamar yadda aka saba, wanda ya dace da abin da muka gani na cewa hanyar tsira ɗaya ce. Ki kuma lura cewa komawar BRCA a cikin ƙarin kaɗai take faruwa. Sauran ƙwayoyin jikin matar suna nan da lalacewar da ta gada, kuma kowane ɗa ko 'ya tata yana da yiwuwar rabi da rabi ta ɗaukar ta, haka ma 'yan'uwanta na ciki ɗaya, don haka ko da ciwonta ya daina jin magani, sakamakon gwajinta yana da amfani ga 'ya'yanta mata da ƙannenta, waɗanda za a iya sa wa ido a kan sankarar mama, a kuma tattauna da su batun cire bututu da gidan ƙwai bayan sun gama haihuwa.